Juma'ar farko ta Yuni: ramin donat

Yau ce ranar donat a Amurka, al'adar da ƙungiyar agaji ta Kirista, Salvation Army, ta fara a Chicago a 1938 don tunawa da matan da suka soya wa sojoji donat a Faransa a 1917. Na kwaɓa fulawa da hantsi, ina jiran ta tashi nake wannan rubutu.

Mutanen Holan ne suka kai donat New Amsterdam, wato New York ta yanzu, a ƙarni na 17. Nasu dunƙule ne babu rami, kamar fankenmu amma ya fi girma, kuma nan matsalar take: bayan ya yi ja, cikin yana ɗanye. Shi ya sa wasu ke cusa 'ya'yan itace a tsakiya. Wani matuƙin jirgin ruwa daga jihar Maine, Hanson Gregory, ya ce shi ya fara huda shi a 1847 yana ɗan shekara 16. Bakinsa ne kawai shaida, amma dabarar ta yi daidai, domin rami na ba mai hanyar dafa ciki da waje lokaci guda. A 1920 Adolph Levitt ya ƙera injin da ke yankawa yana soyawa a New York, daga nan aka shiga sayar da shi da yawa.

Kwaɓin yau: fulawa giram 500, yis giram 7, sukari giram 60, madara mai ɗumi mililita 250, ƙwai ɗaya, bota giram 50, ɗan gishiri da gyaɗar ƙamshi. A murza minti goma, a rufe awa ɗaya har ya ninka. Madara mai zafi tana kashe yis, kwaɓin ya zauna shiru. A shimfiɗa shi kaurin santimita ɗaya da rabi, a yanka da kofi, a huda da murfin kwalba, a sake barinsa minti 30. Wannan jira na biyu mutane suka fi tsallakewa, sai donat ya fito da nauyi.

Mai ya kai digiri 175 zuwa 180 a ma'aunin Celsius. Ƙasa da haka ya sha mai, sama da haka ya ƙone kafin cikin ya nuna. Uku ko huɗu a kasko, minti ɗaya kowane gefe. Farin zobe a kugunsa alama ce ya tashi sosai har ya yi iyo a saman mai. A barbaɗa sukari tun yana da ɗumi, in ya huce ba ya kamawa.