Ɗakin mutum huɗu a jirgin ruwa, ashe gado biyu a sama suke

"Ɗakin mutum huɗu ne," in ji ejan ɗin da ya yanka mana tikiti. Bai yi ƙarya ba, sai dai ya haɗiye maganar inda gadajen suke. Da muka shiga jirgin a tashar Rashid da ke Dubai, ni da Hajiyarmu da yarana biyu, ƙananan gadaje biyu kacal muka tarar, an haɗe su da zanin gado ɗaya. Sauran biyun suna ɓoye a cikin silin, sai da yamma mai gyaran ɗaki ya zo da makulli ya sauke su, ya jingina tsani.

Raba na ƙasan bai ɗauke shi minti biyar ba. Rigimar a sama take. Hajiya ga ciwon gwiwa, ba ta isa ta taka tsani ba. Autana shekararsa huɗu, mai gyaran ɗakin ya ce a dokarsu yaron da bai kai shida ba ba ya kwanan sama. To wa ya rage? Ni da babbar 'yata. Daga Dubai zuwa Abu Dabi har Doha, kullum ina tattare zani ina hawa, in na tashi zaune kaina ya bugi silin. Hajiya daga ƙasa sai dariya: "Ki bi a sannu, uwar 'ya'ya."

Abin da ya fi ƙona min rai sallar asuba. In an sauke gadajen ga tsani a tsakiya, wurin shimfiɗa darduma ma sai an yi dabara, ɗaya ta idar ɗaya ta tayar. Ɗakin kuma ba taga, rana da dare duk ɗaya, ga alƙibla tana juyawa da juyin jirgi.

Na je neman canji, aka ce jirgi ya cika, don lokacin sanyi ne, lokacin da matafiya suka fi yawa. A nan na ji cewa akwai ɗakunan da gado na uku kujera ce da ake warewa a ƙasa, akwai kuma ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani. Duk an yi musu alama a taswirar benayen jirgin, wadda ejan bai taɓa nuna min ba.

Mai tafiya da tsohuwa ko ƙaramin yaro, kada ki biya sai an ba ki lambar ɗaki kin duba ta a taswirar. Ki tambaya ɓaro-ɓaro: gado nawa ne a ƙasa?