Daga Tawa zuwa Yamai da allo a cinya

Bas ɗinmu ta tashi daga Tawa bayan sallar asuba, kuma tun kafin mu kai Ƙonni na shimfiɗa ƙaramin allona a cinya, domin washegari zan shiga wata gasar darar Turawa, wadda a Yamai ake kira eshek. Hanyar ta haura kilomita 500, amma kusan dukkanta na cinye ta a kan buɗi ɗaya (salon fara wasa), wato Kariyar Faransa, wadda ta samo sunanta daga karawar da 'yan Paris suka yi da 'yan Landan ta wasiƙa a 1834. A Dogon Dutsi wani dattijo ya leƙo ya ce, "Ɗana, kai da wa kake wasa?" Na ce, "Ni da kaina, Baba." Ya girgiza kai, ya koma ga carbinsa.

Wanda aka haɗa ni da shi ya fi ni da maki kusan 200 a ma'aunin ƙarfin 'yan wasa na Elo, wanda hukumar wasan ta duniya, FIDE, ta ɗauka a 1970, kuma baƙaƙe ne suka faɗo mini. Ya buɗe da tura soja zuwa e4 (kowane gida a allon yana da suna na harafi da lamba), na amsa da nawa a e6, muka kafa sojoji a d4 da d5, ya tura nasa e5. Na tara doki a c6 da sarauniya a b6 suna haƙon sojansa na d4, shi kuwa ya kai fu ɗinsa, mai tafiya a karkace, zuwa d3. Bayan musaya ɗaya, sojan nan ya tsaya kamar akuyar da ba makiyayi.

Sai da yatsuna suka kama dokin na tuna cewa wannan tarkon ne na yi bitarsa a hanyar Dosso: idan na ci sojan, ya rama, sarauniyata ta biyo, fu ɗinsa zai faɗa b5 ya tsare sarkina, sarauniyarsa ta ɗauke tawa. Doka kuwa ba ta sassauci, abin da ka taɓa shi za ka motsa. Maimakon fu zuwa d7, wanda shi ne daidai, na kai dokin b4, gumi na tsattsafo mini.

Na tsira da sarauniya, amma ban tsira da wasan ba, domin ya yi ta matse ni har la'asar. Lokacin da na miƙa masa hannu, fu ɗina yana nan bayan sojojina na e6 da d5, inda wannan buɗin ya saba kulle shi. Ya nuna shi da yatsa ya ce, "Malam, wannan bai zo Yamai ba, a Tawa ka baro shi."