Abin da iSCSI ya koya min kafin na ajiye aikin nan

Tunda ƙarshen wata zan miƙa makullin ɗakin sabar, bari in faɗi wannan maganar da na daɗe ina haɗiyewa, ko wanda zai gaje ni ya amfana.

Kun tuna asabar ɗin da databes ta tsaya cak, aka ce wai ni na lalata? To ga yadda abin yake. Odita sun zo sun ce a canza kalmar sirrin CHAP, wato ta tantance mai shiga, da ke tsakanin sabobinmu da ma'ajiyar bayanan da suke haɗuwa da ita ta iSCSI, hanyar da sabar ke amfani da diskin da ke wata na'ura ta netwok, magana ce mai kyau ba musu. Na ce wa oga, ranka ya daɗe a bari mu sa lokaci mu yi sabar ɗaya bayan ɗaya, ya ce abin minti biyar ne zan mayar da shi biki. Ranar juma'a bayan an sauko masallaci ya zauna da kansa ya canza a ɓangaren ma'ajiya, ya buɗe iscsid.conf, fayil ɗin saitin iSCSI na sabar, ya canza a can ma, ya duba ya ga komai na tafiya lafiya lau, ya ɗauki jakarsa ya tafi.

Abin da bai sani ba, kuma bai tambaya ba don girman kai, CHAP kamar maigadin ƙofa ne, lokacin shiga kawai yake duba katinka, in ka riga ka shiga ba ya sake tambaya. Duk seshon ɗin da ke buɗe, wato haɗin da sabobi suka riga suka yi da ma'ajiya, sun ci gaba da aiki da tsohon izininsu. Na biyu kuma, wanda shi ne ainihin ramin, iscsid.conf ba ya taɓa target ɗin da aka riga aka gano, wato ɓangaren ma'ajiyar da sabar ke haɗuwa da shi. Lokacin discovery, wato wannan ganowar, open-iscsi, shirin da ke haɗa sabar da ma'ajiya, yake kwafe saitin ya ajiye wa kowane node, wato kowane target da aka gano, nasa fayil, a Red Hat cikin /var/lib/iscsi/nodes, a tsofaffin Debian /etc/iscsi/nodes, daga nan can yake karantawa. Sai ka bi su da iscsiadm -m node -o update ka sa sabon node.session.auth.password, in ba haka ba tsohuwar kalmar na nan kwance tana jiran ranarta.

Ranar tata kuwa ba ta yi nisa ba. Da asuba aka ɗauke wuta, batirin UPS ɗin suwic ɗin da na sha rubuta takarda a canza shi ya kasa riƙewa kafin janareto ya tashi, suwic ya mutu ya dawo, sabobi suka koma pot 3260 suna neman shiga da tsohuwar kalma ma'ajiya na korarsu. replacement_timeout ɗinmu na kan 120, wato sakan 120 ake riƙe rubutu ana jira, da ya cika sai kuskure ya haura sama, ext4, tsarin fayilolin diskin, ya koma karatu kawai ba rubutu, shikenan.

Ni aka kira ba shi ba. Ina gwada lojin da hannu na ga error 24, authorization failure, nan take na gane. Kafin azahar komai ya dawo, ko layi ɗaya bai ɓata ba alhamdulillah. Litinin da safe sai ga kweri a kan teburina, wai in yi bayanin sakaci wajen kula da ma'ajiya. Na kai masa log ɗin da ke nuna asusun wa aka shiga da shi da ƙarfe nawa, ya kalla ya ce, kai yaro ne ba ka san yadda ofis ke tafiya ba. Takardar na nan cikin fayil ɗina har gobe, kuma a wurin mitin shi aka yaba wa wai ya jagoranci gyara cikin gaggawa. Na bar shi da Allah, amma ban manta ba.

Sauran a taƙaice. Kalmar discovery daban take da ta seshon, kowacce da layinta. In akwai Windows a cikin lamarin kalmar CHAP ta kasance haruffa 12 zuwa 16, ƙasa da haka zai ƙi. CHAP ba ya ɓoye bayanan da ke wucewa a waya, don haka ma'ajiya ta zauna a VLAN ɗinta, wato keɓaɓɓen sashen netwok, ita kaɗai. In ka kwafi VM, wato sabar da ke gudana cikin wata sabar, ka canza initiatorname.iscsi, kar biyu su riƙa ture juna da IQN ɗaya, wato sunan da ma'ajiya ke gane kowace sabar da shi. Ka sa _netdev a fstab, fayil ɗin jerin diskin da ake ɗorawa in sabar ta tashi, don a jira netwok tukuna. In kana da multipath, wato hanya fiye da ɗaya zuwa ma'ajiya, ka rage wancan 120 ɗin sosai don a yi saurin komawa ɗaya hanyar.

Duk wanda ya ce maka ya canza kalmar sirri kuma yana aiki, ko oganka ne, ka ce a yi logout a sake login a gabanka. Batirin suwic ɗin kuma har yanzu ba a saya ba, takardar na kan teburinsa.