Yadda na zauna a cikin kwantena a bayan Kumbotso

Na daɗe ina biyan haya alhali ina da fili a bayan Kumbotso, kuɗin bulo da siminti ne suka gagara. Wani abokina direban tirela, mai ɗauko kaya daga Apapa, shi ya ce in nemi tsohuwar kwantena. Na sayi mai ƙafa 40, tsawonta ya ɗan haura mita 12, faɗinta kuwa ƙafa 8 kacal. Ban san ƙuncin ƙafa 8 ba sai ranar da muka shigar da gado.

Saye bai ba ni wahala ba kamar saukewa. Sai da aka ɗauko motar ɗaga kaya, ita ma da kuɗinta daban. Mun ɗora ta a kan ginshiƙan kankare don kada ruwan damina ya kwanta a ƙarƙashinta ta yi tsatsa. Da na ce a yanka tagogi uku manya, mai walda ya dube ni ya ce, "Alhaji, bangon nan shi ma ƙarfi ne, duk inda muka huda sai mun ɗaure shi da ƙarfe." Na ɗauka neman ƙari yake yi. Ashe gaskiyarsa ce.

Daɓen katakon ciki kuwa cire shi na yi, domin akan jiƙa irinsa da maganin ƙwari, ga yara masu rarrafe.

Sai Afrilu ta zo. Zafin Kano a wannan wata yakan wuce digiri 40, shi kuwa ƙarfe ba ya tausayi. Kafin azahar bango ba ya taɓuwa. Uwargida ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Maigida, gida ka saya mana ko tanderun burodi?" Fanka ma iska mai zafi take juyawa. Sati biyu muna kwana a tsakar gida.

Wani tsohon magini ne ya fitar da ni. Ya zagaya sau ɗaya ya ce, "Ɗana, ka hana rana taɓa ƙarfen, shi ke nan." Muka kafa rumfar kwano a sama, muka bar tazarar kamu ɗaya don iska ta riƙa ratsawa. Ta yamma, inda ranar la'asar ke duka, ya ja katangar tubalin laka mai kauri. Laka tana shan zafi a hankali, ba ta sakinsa sai dare ya yi. Ciki kuma muka sa silin da soso a bayan falanki, wanda ya ƙara cinye mana faɗin.

Yanzu ana zama lafiya. Amma da na haɗa lissafi, da ɗauko, da walda, da rumfa, da fenti, rarar da na samu ba ta kai yadda na zata ba. Sauri dai na samu, don cikin wata biyu muka bar gidan haya.

Ɗakin yara da zan ƙara bayan damina na tubali ne, na riga na yi magana da tsohon. Kwantenar kuma uwargida ta fara cewa shago za ta mayar da ita.