Inda na kai a gwajin kashe girgiza da ƙananan ƙarafa

'Yan'uwa abokan koyo, ga inda aikin ya tsaya a gwajin da nake yi na kashe girgizar rula ta hanyar maƙala mata ƙananan ƙarafa masu kaɗawa. Doguwar rula ce ta ƙarfe na matse gindinta a gefen teburi, na bar kanta a sake. In na danna na saki, takan daɗe tana kaɗawa.

Da farko guntun zarton yankan ƙarfe guda na maƙala mata, da noti a bakinsa, ina matsar da notin har saurin kaɗawar zarton ya zo kusa da na rular. Dabarar tsohuwa ce, ta injiniyan Jamus Hermann Frahm tun 1909, kuma ita ake amfani da ita a dogon benen Taipei 101 da ke Taiwan, inda dunƙulen ƙarfe mai nauyin tan 660 yake rataye. Lissafin masanin girgiza Den Hartog na bi wajen saiti: in nauyin ƙaramin ya kai kashi 5 cikin 100 na babban, a sa saurinsa ya zama kusan kashi 95 cikin 100 na saurin babban. Rular takan lafa, zarton ya ɗauki rawa, sai kuma ya mayar mata. Haka suke ta miƙa wa juna.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina ya zo ne da na jera zartuna da yawa, kowanne tsawonsa ya ɗan bambanta da na kusa da shi. Da na saki, nan da nan rular ta yi tsit, alhali ƙarfin girgizar bai ƙare ba. Ya rarrabu ne cikin zartunan, kowanne na kaɗawa a nasa saurin, turin wannan yana soke na wancan. Can sai suka sake haɗa taku, rular ta motsa. Ku ɗauki bidiyo a waya ku rage masa gudu, za ku ga dawowar ƙarara. Gwargwadon ƙanƙantar tazarar saurinsu, gwargwadon jinkirin dawowar, kuma a ganina nan ne amfanin taron zartunan yake: yana ba ka lokaci.

A wannan lokacin nake so ƙarfin ya zama zafi ya salwanta, shi ya sa na naɗe gindin kowane zarto da siririyar roba. Kada ku cika ta, don in ta yi yawa zarton sandarewa yake, ya koma nauyi kawai a jikin rular. Yanzu kaurin robar nake ragewa kaɗan-kaɗan, ina duba inda dawowar za ta daina bayyana a bidiyo.