Daga Garin Mayu Zuwa Teburin Talotalo

Tsakiyar watan Oktoba na sauka a Boston, lokacin da can gida gero ya riga ya shiga rumbu, ana jiran dawa ta nuna. Ashe su ma Amurkawa kakarsu ce. Bishiyoyin gefen hanya sun rine, wasu ja jawur, wasu ruwan ɗorawa, iska tana kaɗo ganyen kan gilashin mota. Yayana, wanda ya daɗe a can da iyalinsa, shi ya ɗauko ni daga filin jirgi. Muna shiga unguwarsu na hango ƙwarangwal ɗin mutum zaune a kujera bakin wata ƙofa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Na ce, "Innalillahi! Yaya, wannan fa?"

Ya yi dariya har ya kusa sakin sitiyari. "Roba ce. Halowin ya ƙarato, kaɗan ma ka gani."

Kaɗan kuwa na gani. Wani gidan an kafa kaburburan ƙarya a tsakar ciyawa, wani an lulluɓe shi da saƙar gizo-gizo ta auduga. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kabewa. Kabewar da a gidanmu za a yi miyar taushe da ita mutum ashirin su ƙoshi, ita aka fafe, aka yanka mata idanu da haƙora, aka sa kyandir a ciki, aka bar ta bakin ƙofa har ta ruɓe. Da innarmu ta ga wannan, da ta yi kwana uku tana faɗa.

Maƙwabciyarsu, wata tsohuwa da kakanninta suka zo daga Ailan, ita ta ba ni tatsuniyar. Wai wani marowaci ne mai suna Jack, ya yi ta yi wa Shaiɗan wayo, da ya mutu aljanna ta ƙi shi, wuta ma ta ƙi shi, sai aka jefa masa garwashi ɗaya ya saka a cikin ƙoƙon wani tushe mai tauri kamar gwaza, yana yawo da shi cikin duhu har yau. Mutanenta da yunwar shekarun 1840 ta koro zuwa Amurka suka tarar kabewa ta fi sauƙin fafewa, suka koma mata. Shi kansa daren Halowin, 31 ga Oktoba, a tsohuwar al'adar Ailan da Sukotlan ƙarshen kaka ne, daren da ake cewa matattu suna kusantar rayayyu, kafin coci ta sa ranar tunawa da waliyyai a 1 ga Nuwamba.

Asabar ta ƙarshen watan na shiga jirgin ƙasa daga tashar North Station zuwa Salem, tafiyar kamar rabin awa. Taragon cike yake da mutane sanye da baƙaƙen huluna masu tsini. Kusa da ni wata mata ce ta shafe fuskarta da kore, tana danna waya hankalinta kwance. A titin Essex kuwa, ba masaka tsinke. Masu duba sun buɗe shaguna, ana sayar da tsintsiya da turare da rigunan fatalwa, har motar 'yan sandan garin hoton mayya ne a jikinta, ta hau tsintsiya. Garin ya mai da maita kasuwa, kuma kasuwar tana ci.

Da na gaji da turereniya sai na ratse ta bayan tsohuwar maƙabartar titin Charter. Nan na tarar da wani ɗan fili da aka kewaye da katangar dutse, da bencin dutse guda 20 a jikinta, kowanne da suna da ranar mutuwa. A 1992 aka buɗe wurin, shekara 300 cif bayan abin da ya faru. A 1692 ne wasu yara mata biyu a gidan limamin cocin ƙauyen, Samuel Parris, suka fara faɗuwa suna ihu suna murɗewa. Aka matsa musu su faɗi wanda ya kama su. Suka ambaci mata uku, cikinsu har da Tituba, baiwar gidan. Daga nan wuta ta kama. Kafin shekara ta ƙare an zargi mutum sama da 200, an rataye 19, mata 14 da maza 5. Kotu ta riƙa karɓar shaidar wanda zai ce ya ga siffar wance ta zo masa cikin dare tana shaƙe shi, alhali ita tana gidanta tana barci.

Na daɗe a gaban bencin Rebecca Nurse, tsohuwa mai shekara 71 da kowa ya san ta da ibada, aka rataye ta ranar 19 ga Yuli. Wani ya ajiye mata fure, wani ya ajiye kwabo. Can gaba ga na Giles Corey, dattijon da ya ƙi amsa tuhuma, aka kwantar da shi aka yi ta jibga masa duwatsu a ƙirji har rai ya yi halinsa. Jikina ya yi sanyi, domin labarin bai yi mini baƙo ba. Ina yaro an taɓa taruwa a ƙofar wata tsohuwa a unguwarmu, wai ta kama kurwar wata yarinya mai zazzaɓi, don yarinyar ta ambaci sunanta cikin magagi. Aka tilasta mata ta zo ta tsallaka yarinyar. Ina cikin yaran da suka bi ta da ihu. Daga ranar ba wanda ya ƙara sayen ƙosanta. A kan bencin Salem na tuna da ita, ga kiɗa yana tashi daga titi, ga wani saurayi da hular mayu ya zauna kan sunan wata da aka rataye yana cin soyayyen dankali.

Daren Halowin ɗin kansa a gida na yi shi, kuma an ɗan yi ja-in-ja. 'Yar yayana mai shekara bakwai tana son ta fita da ƙawayenta, uban yana ganin abin da ya samo asali daga matattu da aljanu ba namu ba ne. Ta zo ta riƙe mini hannu. "Kawu, ka roƙa mini Baba, ni likita zan zama, ba fatalwa ba." Aka daidaita a kan ba za ta fita ba, amma ita za ta tsaya a ƙofa da kwanon alewa. Magariba na yi suka fara zuwa, ayari-ayari, kowa da jakarsa, suna faɗin kalmarsu mai nufin a ba mu alewa ko mu yi ɓarna. Sai na ga tashe sak: yara da shigar ban dariya gida-gida da dare, ana ba su abin da ya samu. Sai dai namu sai sun yi wasa sun yi waƙa kafin a ba su, waɗannan ƙwanƙwasa ƙofa kawai suke yi, iyayensu na tsaye a baya da tocila.

Washegari aka kwashe ƙwarangwal, shaguna suka cika da hoton talotalo. Ranar Godiya, bikin da ake cin talotalo, tana faɗowa ne Alhamis ta huɗu a Nuwamba. Shugaba Abraham Lincoln ne ya shelanta ta ga ƙasa baki ɗaya a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, majalisa kuma ta tsayar da ranar a 1941. Da safiyar ranar na lallaɓi Yaya muka tafi Plymouth, tafiyar kamar awa ɗaya a mota, inda aka ce abin ya fara.

Dutsen Plymouth da ake ta zuzutawa, wanda aka ce a kansa Turawan da suka kafa garin suka sauka, bai kai girman bijimi kwance ba. Yana cikin rami an kewaye shi da ƙarfe, an sassaƙa 1620 a jikinsa. A shekarar ne jirgin ruwan Mayflower ya iso da fasinja 102 daga Ingila, sanyin farko ya kashe kusan rabinsu. Waɗanda suka rage kuwa, 'yan asalin ƙasar ne suka cece su, mutanen Wampanoag. Wani cikinsu, Tisquantum, wanda Turawa suka taɓa sacewa suka kai Sifen, shi ya koya musu shuka masara da kifi a matsayin taki. A kakar 1621 suka yi biki na kwana uku, Sarki Massasoit ya zo da mutum kusan 90, suka kawo barewa biyar.

Tsallaken titi, a kan tudun Cole inda gunkin Massasoit yake tsaye, taro muka tarar da tsakar rana, ana buga ganga a hankali. Jikokin 'yan ƙasar ne da masu goya musu baya. Tun 1970 suke taruwa a nan duk Ranar Godiya, su kuma sunan da suka ba ta Ranar Makoki, don abin da ya biyo bayan wancan bikin shi ne cuta da yaƙi da ƙwace ƙasa. Iskar teku tana yanka kunne, amma ba wanda ya motsa. Yaya ya ce shekarunsa nawa yana cin talotalo a wannan rana, bai taɓa sanin da taron ba.

Ƙarfe uku muka iso gidan tsohuwar maƙwabciya, wadda ta gayyace mu tun mako biyu kafin nan. Don mu ta aika aka sayo mata talotalo daga mahaucin Musulmi, ta kuma cire naman alade daga komai ba tare da an roƙe ta ba. 'Ya'yanta sun zo daga jihohi uku, jikoki suna ta guje-guje, maza sun kafa wa talabijin ido suna kallon ƙwallonsu ta ture-ture. Sai na ji kamar ranar Babbar Sallah. Kafin a taɓa abinci aka zagaya tebur, kowa ya faɗi abu ɗaya da yake godiya a kansa. Wani ya ce ya samu aiki, wata ta ce mijinta ya fito daga asibiti. Da aka zo kaina na ce na gode wa Allah da ya kawo ni lafiya, na gode wa mai gida da ta karɓi baƙo. Tsohuwar ta share ido da gefen mayafin wuyanta.

Gaskiya naman talotalo gayau ne, ƙirjin ma kamar ana tauna auduga. Miyar da suke zuba masa ta wasu jajayen 'ya'yan itace ce masu tsami kamar zoɓo, an dafa su da sukari. Matar Yaya, da ta san dawan garin, ta zaro ƙullin yajin ƙuli daga jakarta ta turo mini ta ƙarƙashin tebur. Babban ɗan tsohuwar ya gani, ya ce a sam masa. Ya barbaɗa da yawa duk da gargaɗin da muka yi masa, ya yi ta tari hawaye na zuba, aka miƙa masa ruwa, ya sha, ya sake miƙo faranti.

Ƙarfe huɗu da kwata rana ta faɗi. Na nemi wurin sallah, tsohuwar ta kai ni ɗakin ɗinkinta ta kawar da kujera. Da na fito an yanka wainar kabewa mai kirfa, an ajiye mini nawa rabon a faranti, da cokali a gefe.