Garwashin da na riƙe a tafin hannuna

Watanni huɗu na yi a birnin Delhi ina jinyar yayana, kuma a tsawon lokacin nan ban taɓa samun barcin awa uku a jere ba. Da farko na ɗora laifin a kan kujerar da nake kwana a kai da ƙarar na'urorin asibiti, amma da aka sallame mu muka koma wani ɗan gida da muka kama haya, inda akwai katifa kuma babu hayaniya, sai na tarar barcin bai dawo ba. Ɗan gwaggonmu, wanda muka damƙa wa amanar sayar da gonarmu ta gado domin a biya kuɗin aikin Yaya, ya sayar ya riƙe fiye da rabin kuɗin, ya kuma daina ɗaga waya. Kullum dare sai in kafa masa kotu a zuciyata, in kira shaidu, in jero hujjoji, in yanke hukunci, sannan in sake buɗe shari'ar daga farko kamar ba a taɓa zama ba. Ko a cikin salla wannan saƙa da warwara ba ta ƙyale ni ba, har ta kai ina rasa raka'a ta nawa nake ciki.

A barandar da masu jinya ke zama akwai wani dattijo ɗan ƙasar Sirilanka, malamin makaranta mai ritaya, wanda ya kawo matarsa magani. Duk asuba idan na fito daga alwala nakan tarar da shi zaune, bayansa a miƙe, idanunsa a lumshe, leɓunansa suna ɗan motsi. Matarsa ta fi Yaya jin jiki, amma ban taɓa ganin fuskarsa a murtuke ba, don haka wata rana na tambaye shi abin da yake karantawa. Ya ce mini abin da yake yi sunansa metta bhavana. Kalmomin na harshen Pali ne, wanda da shi aka adana tsofaffin nassoshin addinin Buddha da mutanen Sirilanka da Tailan da Myanmar ke bi. Metta tushenta ɗaya da mitta, wato aboki, kuma ma'anarta fatan alheri ga wani ba tare da jiran sakayya ba, ita kuwa bhavana raino ce, irin wanda manomi ke yi wa shuka. Mutum yakan zauna shiru ya riƙa maimaita wasu gajerun jimloli a ransa: ya kasance cikin aminci, ya rabu da gaba, ya rabu da ƙunci, ya rayu cikin sauƙi.

Ni Musulmi ne, ban je Indiya neman wani addini ba, ban kuma dawo da wani ba. Na san akwai masu karatu da ba za su ji daɗin ganin na saurari dattijon ba, kuma ina girmama damuwarsu. Abin da zan iya faɗa shi ne, a cikin abin da ya koya mini babu sujada babu roƙon kowa, horon niyya ne kawai, kuma tun ina ƙarami na haddace hadisin da ke cewa imanin ɗayanmu ba ya cika sai ya so wa ɗan'uwansa abin da yake so wa kansa. Haddar tana nan daram, aikin ne ya gagare ni, shi kuwa dattijon nan ya ware wa aikin lokaci kowace safiya kamar yadda ake ware wa karatu.

Da na ba shi labarin rashin barcina, sai ya kawo mini wani misali da nassoshinsu suka ruwaito daga Buddha, wanda ya rayu a arewacin Indiya kimanin shekaru 2,500 da suka wuce. Abubuwa biyar ne ke hana zuciya natsuwa, kuma an kwatanta kowannensu da kwanon ruwa da mutum ke son duba fuskarsa a ciki. Sha'awa tamkar ruwa ne da aka zuba wa rini, ƙiyayya ruwa ne da ke tafasa a kan wuta, kasala da gyangyaɗi ruwa ne da gansakuka ta rufe, rashin sukuni ruwa ne da iska ke kaɗawa, shakka kuwa ruwa ne mai laka da aka ajiye a cikin duhu. A cikin kowanne mai dubawa ba zai ga fuskarsa yadda take ba. Ya ce ni na zo masa da kukan iska, alhali kwanona a kan murhu yake, kuma babu amfanin kare ruwa daga iska matuƙar ba a janye itacen da ke ƙarƙashinsa ba.

Tsarin da yake bi ya samo asali ne daga littafin Visuddhimagga, wanda malami Buddhaghosa ya rubuta a ƙarni na 5 a babban gidan 'yan zuhudu na Mahavihara da ke Anuradhapura, tsohon babban birnin Sirilanka. Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne sanin halin ɗan Adam da ke cikinsa. Ana farawa da kai, domin mutum ya zama shaida a kan kansa cewa yana son jin daɗi yana ƙin wahala, kuma haka kowa yake. Daga nan sai wani malami ko mai kyautatawa da ake ganin girmansa, sai aboki na kusa, sai mutumin da ba a so ba a ƙi, sannan a ƙarshe abokin gaba. Littafin ya yi gargaɗi ƙarara cewa kada a fara da maƙiyi, domin fushi ne zai taso, kada kuma a fara da wanda ake matuƙar so, domin da zarar an tuna wata wahala tasa kuka ne zai biyo baya. A wurin ne kuma aka kwatanta mai fushi da wanda ya ɗauki garwashi da hannu zai jefi wani, ya fara ƙona kansa kafin garwashin ya bar tafinsa.

Ban bi gargaɗin ba. A daren farko na tsallake kowa na nufi ɗan gwaggonmu kai tsaye, saboda a ganina shi ne ciwon, kuma kafin minti biyar na sami kaina ina haƙi, haƙorana a cije. Da na gaya wa dattijon, sai ya ce in koma baya, in kuma daɗe a kan mutum na huɗu, wanda babu komai tsakanina da shi. Na zaɓi mai shayin da ke bakin ƙofar asibitin, kuma a nan ne na fara jin kunyar kaina, domin wata uku ina karɓar kofi daga hannunsa safe da yamma amma da na rufe ido na kasa kawo fuskarsa. Washegari na tsaya na dube shi sosai, na ga furfura a gefen kansa da tabon ƙuna a yatsunsa, na ga yadda yake jingina da bango idan babu mai saye saboda ƙafarsa ɗaya tana damunsa. Yi masa fatan alheri bai yi mini nauyi ba ko kaɗan, kuma na lura cewa duk mintin da zuciyata ta yi a wurinsa minti ne da kotun nan ba ta zauna ba.

Wanda ya ba ni wahala ba zato shi ne Yaya. Duk lokacin da na yi masa fatan lafiya sai tsoro ya biyo bayan fatan, in shiga lissafin abin da zai faru da 'ya'yansa idan ta Allah ta kasance. Buddhaghosa ya ce metta tana da maƙiya biyu, na nesa shi ne ƙiyayya wadda kowa ke ganewa, na kusa kuwa shi ne ƙwallafa rai, wanda ke shigowa cikin rigar ƙauna. Shi ya sa ake koyar da ita tare da 'yan'uwanta uku, wato tausayi, da farin ciki da alherin da ya sami wani, da daidaiton zuciya a kan abin da ba ya hannun mutum.

Zen kuwa, wani reshe na addinin Buddha, sai bayan mun dawo gida na fara karanta labarinsa, lokacin da jimlolin fatan alherin da kansu suka soma zama mini wani sabon surutu. Kalmar ta taso ne daga dhyana, wato tafakkuri a harshen Sanskrit, ta zama chan a ƙasar Sin, ta zama zen a Japan. Mabiyansa suna jingina farkonsa ga Bodhidharma, wanda aka ce ya isa Sin wajajen ƙarshen ƙarni na 5 ko farkon na 6, ya kuma yi shekara tara yana fuskantar bango. A labarin da suke bayarwa, almajirinsa Huike ya roƙe shi ya kwantar masa da zuciyarsa da ta ƙi kwanciya, sai malamin ya ce ya kawo zuciyar a kwantar masa. Huike ya ce ya neme ta bai same ta ba, malamin ya ce to ai an riga an kwantar da ita. Na daɗe ina ɗaukar labarin a matsayin wasa da kalmomi, sai da na gwada neman damuwata a lokacin da take kan ganiyarta, na tarar da zafi a ƙirji da ɗaurewar wuya da wata jimla da ke maimaita kanta, kowanne yana zuwa yana wucewa, babu wani dunƙulallen abu guda da zan ɗauka in miƙa.

Dogen, wani malamin Zen ɗan ƙasar Japan wanda ya rayu daga 1200 zuwa 1253, ya tafi Sin a 1223 ya dawo a 1227, kuma a 1244 ya kafa gidan zuhudun da aka sani da Eiheiji a yankin Fukui na yau. Umarninsa a kan zama kusan duka na jiki ne: ɗaki mai shiru, ci da sha daidai misali, tufafi sakwa-sakwa, kunnuwa a saitin kafaɗu, hanci a saitin cibiya, harshe a manne da ganɗa, idanu a buɗe, tafin hagu a kan na dama, manyan yatsu suna taɓa juna. A wurare da yawa akan sa sabon shiga ya ƙirga numfashinsa daga ɗaya zuwa goma, idan tunani ya sace shi ya koma ɗaya. Na yi makonni ban wuce huɗu ba, na kuma dage da ƙarfi har kaina ya riƙa ciwo. Abin da ya sassauta ni shi ne labarin Sona, almajirin Buddha da ya matsa wa kansa da tafiyar tafakkuri har tafin ƙafarsa ya fashe da jini. Da yake makaɗi ne a da, sai Buddha ya tambaye shi ko abin kiɗansa yana ba da sauti mai daɗi idan tsirkiya ta yi tauri da yawa ko ta yi sako-sako da yawa. Duk wanda ya taɓa ganin mai garaya yana gyara tsirkiyarsa kafin ya fara ya san amsar.

A cikin wannan zama na shiru ne wani abu da na binne ya taso. Sunan na huɗu cikin abubuwa biyar ɗin nan da ke hana zuciya natsuwa a Pali kalma biyu ne a haɗe, uddhacca da kukkucca, wato rashin sukuni da kuma cizon yatsa a kan abin da mutum ya aikata. A mako na uku na jinyar, da ɗanta ya ƙi ɗaga waya, sai na kira Gwaggo na zazzaga mata maganganun da ban taɓa tsammanin za su fito daga bakina ba, alhali ba ta ci ko kwabo ba, kuma ita ta goya ni ina yaro. Duk shari'ar da na yi ta yi wa ɗanta da dare, wani ɓangare nata hanya ce ta kauce wa tawa shari'ar. Wannan ne ya sa nake ganin manhajojin waya da ke tallata zaman natsuwa a matsayin maganin barci sun yanke abin daga saiwarsa, domin a littafin Buddhaghosa kyautata ɗabi'a ne ke zuwa farko, sannan tattara hankali, sannan hikima.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar na je gidanta, na durƙusa a bakin tabarmarta na ce, "Gwaggo, na yi miki laifi, ki yafe mini." Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Na yafe maka, ɗana, duniya da lahira. Yaya jikin yayan naka?"

Kuɗin gonar har yau bai dawo ba. Dattawan gidanmu sun sa ranar zama bayan kaka, kuma zan je da takarduna in nemi haƙƙinmu har kwabon ƙarshe, domin Yaya yana da bashin asibiti a wuyansa. Da asuba bayan na idar da azkar nakan ƙara minti goma a zaune, in fara da kaina, in bi ta kan malamina na allo da Yaya da mai shayin Delhi, sannan in iso kan ɗan gwaggonmu. Akwai safiyar da jimlar farko take fita a kansa cikin sauƙi, akwai kuma wadda nake jin ƙirjina ya fara zafi, sai in koma wurin mai shayi in ƙarasa mintocin a can.